Bakin Ƙahon Joel

Litinin, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Matata Rabi ta ce tunda zaman banza nake yi a rumfa in riƙa rubutu, ko na rage cika mata kunne idan na koma gida. To ga shi na fara, a ragowar littafin makarantar ɗiyata Mufida. Zaman banzan kuwa ba laifina ba ne. Tun da aka rufe boda manyan motoci suka jeru nan Magama har inda ido ya ƙare, motar da ba ta tafiya kuma lagiretonta ba ya tafasa. Mai gyaran lagireto irina sai korar ƙuda.

Aiki ɗaya gare ni a kan benci: ƙahon Joel. Ni begila nake ce masa don in ba shi haushi, shi kuma ya ce begila ba ta da maɓalli, wannan mai maɓalli uku ne, kada in raina masa sana'a. Joel kafinta ne, rumfarsa na jikin tawa, shekara goma sha tara muna cin tuwo kwano ɗaya, ranar Lahadi shi ke busa a cocinsu. Bakin busan ne ya maƙale, wato ɗan ƙarfen nan mai kamar mazurari da ake ɗora wa leɓe. Ya shige cikin bututun ya ƙi fita.

Shekaranjiya Asabar Joel ya hau babur zai je ƙauyensu bayan Bugaje, wajen tsohuwarsa. Bai isa ba, bai kuma dawo ba. An ga babur ɗin a gefen hanya. Ba zan rubuta sunan mutanen dajin nan a littafina fiye da sau ɗaya ba.

Abin da ya ce mini na ƙarshe shi ne, “Zunnu, ka hidda mini shi kahin in komo. Ban da wuta, ka ji.” Zan cire, zai kuma dawo. Ni da na raba lagireton tirela da ya shekara goma yana tsatsa, wannan aikin minti biyar ne.

Talata, 10 ga Oktoba, da hantsi

Na ɗiga masa man keke tun jiya, na jingine shi baki sama. Bai motsa ba tukuna. Badamasi mai faci ya leƙo yana sakace haƙori.

“Injiniya, wanga abu filaya shika so. Ba ni shi in murɗe maka.”

Na ce masa ya koma kan tayoyinsa, wannan ba aikin masu dukan roba ba ne. Bututun tagulla ne, siriri kamar takarda, in ka murɗa bakin da ƙarfi bututun ne zai bi shi. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, farfesa.

Alhamis, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Leah matar Joel ta zo. Ta rame a kwana biyar. Na ba ta kujera ta ƙi zama, idonta na kan benci.

“Baban Mufida, ya hita?”

“Saura kaɗan, Maman Amarya.”

“Mi ya same shi ma? Joel bai taɓa barin shi jikin ƙaho ba.”

Na ce mata faɗuwa ya yi daga kan benci, ya sauka ta baki. Haka na ce mata.

Sai ta faɗa mini abin da ya sa ta zo. Na san ƙahon ba na Joel ba ne, aro ya yi daga 'yan busan wata coci a can Maraɗi don bikin godiyar kaka. Bakin ne nasa. Haka al'adarsu take, ƙaho na jama'a ne, ana ba da aro ana karɓa, amma kowa da bakinsa, a aljihu yake yawo da shi, ba ya ba ko ɗan'uwansa. Na Joel na ubansa ne, wanda ya yi badujalar 'yan sanda. To shugaban masu busan, wani Manu, ya bugo mata waya. Suna da babban taro farkon watan gobe, dole kayansu su cika. Zai ratso ta daji ranar Asabar 28 ga wata, sau ɗaya zai iya zuwa, zai tafi da ƙahon ko da baki ko babu.

“In ya ƙetare da shi, boda ruhe, yaushe za mu sake ganin shi? Joel shi komo shi tarar babu?”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Kwana goma sha shida gare ni, ni da nake neman minti biyar.

Juma'a, 13 ga Oktoba, bayan masallaci

Liman ya yi addu'a ga waɗanda aka sace ke hannu a daji. Na ce amin har na kusa da ni ya waigo.

Lahadi, 15 ga Oktoba, da rana

Ranar kasuwar Jibiya, amma ba kamar da ba, mutanen Nijar ƙalilan ne suka samu ratsowa. Na samo ƙanƙara wajen mai zoɓo. Dabarar a fili take: zafi na buɗa ƙarfe, sanyi na tsuke shi. Na cusa ƙanƙara cikin bakin, na naɗe bututun da tsumma na riƙa zuba masa ruwan zafi daga butar mai shayi, sannan na bi gefen ina ƙwanƙwasawa a hankali da ƙotar guduma. Sau huɗu na yi. Direbobin da suka gaji da karta suka kewaye ni, kowa da shawararsa. Wani ya ce a sa a bakin ƙofa a ja, wani ya ce a kai wa malami ya tofa.

Ina ji a hannuna ya kusa. Ƙarfe ba ya yi mini gardama har abada, ja mini rai kawai yake yi.

Laraba, 18 ga Oktoba, da safe

Na yi wauta. Duk notin da ya ƙi kwantuwa a garejin nan man birki muke zuba masa, kowa ya sani. Jiya na zuba, na tafi gida. Yau na tarar man ya cinye ƙyallin da ke jikin bututun, wajen faɗin yatsa uku ya koma dishi-dishi yana saɓulewa. Ashe wani shafe ne suke yi wa tagullar. Kayan mutane, kayan coci, kayan wata ƙasa.

Bakin lafiya lau, shi ruwan azurfa gare shi. Yana nan daram inda yake.

Badamasi ya gani ya koma kan tayoyinsa, wannan ya fi ba ni haushi.

Alhamis, 19 ga Oktoba, bayan azahar

Alhamdu lillahi! An ji muryar Joel. Ƙanensa Zaki aka kira, aka ba Joel wayar ya yi magana kaɗan. Yana raye, ya ce ƙafa ce kawai ke damunsa. Zaki da kansa ya zo ya faɗa mini, ya ce dattawa na magana da mutanen, a yi ta addu'a. Na ce ai na faɗa muku. Joel da ya faɗo daga kan rufin kwano ya tashi yana neman fensirinsa, daji ba zai cinye shi ba.

Zaki ya ce Joel ya tambayi Leah da yara da tsohuwa, daga nan ya ce a gaida Zunnu.

Me ya sa zai ce a gaishe ni?

Asabar, 21 ga Oktoba, da yamma

Sati biyu cif. Da safe na ga ayarin masu zuwa ƙauyuka sun taru gaban tasha kamar kullum, babura wajen talatin, 'yan sa-kai a gaba da baya. Ƙarfe goma suke tashi, ba sa jiran kowa. Na tsaya ina kallonsu har suka ɓace, da na juyo raina a ɓace yake, ban san sanda na ce wa Badamasi ya miƙo filayar ba.

Na naɗe bakin da robar tayar keke ninki uku don kada haƙoran filaya su ci shi. Badamasi ya riƙe ƙahon, na murɗa. Sai ƙas! Ba bakin ba ne, ɗan ƙarfen da ya tokare bututun da jikin ƙahon ne ya ɓalle daga likinsa. Abin da na faɗa da bakina tun ranar farko.

Badamasi ya ce, “Wallahi ba ni na murɗa ba.” Na ce wa ya ce kai ne.

To amma nan an zo gidana. Likin dalma shi ne abincina. Ban kunna wuta ba, na gasa ƙarfen liki a gawayi na ɗora, dalmar ta bi gurbinta ta kwanta. Ko wanda ya ƙera shi sai ya sa tabarau kafin ya gane. Ban da wuta, ya ce, ban kuma sa ba.

Litinin, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Na ƙera abin ja, irin wanda muke cire boris ɗin mota da shi amma ƙarami: faranti biyu na ƙarfe da na fafe tsakiyarsu, da dogayen noti biyu. Ɗaya ya tokare bututun, ɗaya ya tallabi wuyan bakin, in na ɗaura notin su raba su ba tare da murɗawa ba. Dabara ce mai kyau, ko a Kano sai a yaba. Na ɗaura har farantin ya fara lanƙwasa, sai na tsaya, don leɓen bututun ya soma buɗewa.

Leah ta zo. “Ya hita?” Saura kaɗan.

Rabi ta ce kwana uku ke nan ina dawo mata da tuwo. Na ce miyar ce ba gishiri. Ta dube ni ta ce shekara ashirin da biyu gishirinta bai canza ba.

Laraba, 25 ga Oktoba, da hantsi

Ƙarfe goma ayarin ya tashi yau ma.

Juma'a, 27 ga Oktoba, kafin magariba

Akwai hanya ɗaya da na sani tun farko, wadda ba ta kuskure. Tana son wuta, ƙahon kuma ba nawa ba ne, ba na Joel ba. Gobe mai shi zai zo.

Asabar, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, duka.

Manu ya iso wajen sha ɗaya, ƙafafunsa duk ƙaya. Dattijo ne gajere mai furfura, ya ce tun asuba yake kewaye jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastan ɗin can. Leah na nan tun kafin ya zo, ita da Zaki. Muka gaisa, ya jajanta mata, ya sha ruwa, na miƙa masa ƙahon. Ya ga inda man birki ya ci, ya dube ni, ya wuce. Ya shafa likin da na yi, ya ce, “Wanga sabo ne. Amma mai hannu ya yi shi.” Har na ji daɗi.

Sai ya juya bakin wajen haske yana bin gefensa da babban yatsa.

“Madam ta ce mini hwaɗuwa ya yi.”

Na ce haka ne.

“A'a, Malam. Shekara arba'in ina ga wanga aiki. In ƙaho ya hwaɗi ta baki, sai ka ga tabo ga leɓen, bututun kuma shi ɗan duƙa. Wanga ko ƙwarzane babu, ya shige a miƙe. Hannu ne. An ɗora shi anka buga da tahin hannu. Joel kau ba shi yin haka ko cikin barci, mu ɗan murzawa mukai kaɗan, shi ke nan. Wa ya taɓa shi?”

Ba da faɗa ya tambaya ba, so yake ya san irin shigar da ya yi. Leah ta juyo tana kallona. Badamasi ya bar tayar da yake dubawa.

Na ce ni ne.

Na faɗa musu. Ranar Asabar ɗin Joel ya zo da wuri, ya bar ƙahon a rumfata don nan ya fi gidansa kusa da boda in Manu ya aiko. Ya ciro bakin daga aljihu ya ajiye a kan benci yana ɗaure buhu a babur, don washegari zai busa a cocin ƙauyensu da tsohon ƙahonsu. Ni kuma don tsokana na ɗauka na zura a ƙahon, wai in busa in ba shi dariya. Mu a sana'armu duk abin da ka zura sai ka buga masa tafin hannu ya zauna, murfi ne, tiyo ne, hannun da kansa yake yi. Na buga sau biyu. Har wata 'yar ƙara ya yi mai daɗi.

Lokacin goma saura kwata. Joel ya ja ya ja, ya ce ba zai tafi babu shi ba. Na ce minti biyar. Ayari ya yi ta hon, na ce masa su tafi, ai zai cim musu kafin su wuce gada. Ni na ce masa haka. Sha biyu saura ya haƙura ya hau babur, shi kaɗai, bakin ma bai samu ba.

Kunya da baƙin ciki suka taru mini, na kasa ɗaga kai. Zaki ya miƙe, Leah ta ce masa, “Zamna.” Ya zauna.

Manu ne ya yi magana. “To, yanzu mi za a yi? Ina son in koma da rana.”

Na ce akwai hanya. Ɗan gajeren bututun da bakin ke shiga liƙa shi aka yi da dalma a kan dogon. In na sa wuta na narka likin, zai zare tare da bakin, in samu gindinsa ta baya in turo shi. Amma Joel ya ce ban da wuta, don kayan aro ne.

“Kayanmu ne, na ba ka izini. Ƙyallin da wutar za ta ci ai ka riga ka cinye shi.”

Na kunna wuta na rage ta ta koma siririya. Na zagaya sau uku, dalma ta yi ƙyalli, na kama da tsumma na zare. Na tsoma a ruwa, na fiƙe wani guntun katako daga rumfar Joel daidai gindin bakin, na ɗora, na buga sau ɗaya. Ya faɗo cikin tafin hannuna.

Na mayar da bututun na liƙe, na goge. Manu ya ciro nasa bakin daga aljihu, ya murza kaɗan, ya busa. Direbobi suka miƙe daga ƙarƙashin motoci. Ya ce iska ba ta fita ko ta ina, ya sa ƙahon a akwatinsa, ya ɗaure a baya, ya tafi.

Na wanke bakin da sabulu na miƙa wa Leah da hannu biyu. Ba ta karɓa ba.

“Ba ni na ba ka aiki ba, Baban Mufida. Wanda ya ba ka shi za ka ba. Riƙe shi wurinka. Ran da ya komo ka sa mashi a hannu, ka hwaɗa mashi abin da ka hwaɗa mani, har da ƙaryar. Ni ba ni amsar shi sai in ba ya komowa.”

Ta ja mayafinta ta tafi. Zaki bai yi mini sallama ba.

Lahadi, 29 ga Oktoba, da safe

Na faɗa wa Rabi. Ta yi kuka, sannan ta ɗinka wa bakin 'yar jaka da ƙyallen atamfa. Na ci tuwo na ƙara.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, bayan azahar

Yana aljihun gabana, ko masallaci da shi nake zuwa. Na shirya maganar da zan yi wa Joel. Na san shi, zai zage ni tas, ya ce makanike bai iya taɓa abu ba sai ya doke shi, ya yi kwana uku ba ya kula ni, rana ta huɗu ya leƙo aron guduma. Na share masa rumfa, na shafa wa zartonsa mai don kada ya yi tsatsa.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, da la'asar

An sako mutum tara. Na rufe rumfa na tafi inda aka sauke su, na tsaya a bakin ƙofa hannuna a kan aljihu. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, na sake dubawa. Wani daga cikinsu ya ja Zaki gefe suna magana, ban matsa ba.

An ce akwai sauran mutane a can. Mai ciwon ƙafa ai ba zai iya tafiyar farko ba. Zai zo a ta biyu.

Asabar, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Ba wanda ya zo. Badamasi ya kawo mini shayi ban tambaye shi ba.

Litinin, 13 ga Nuwamba, bayan azahar

Leah ta zo, da baƙin ɗankwali, Zaki na bayanta. Yau ta zauna a kujerar. Ta ce ranar Asabar za a yi wa Joel addu'a a coci, ƙarfe goma. Ba gawa, tun sati biyu da suka wuce aka rufe shi a can, ƙafar ce. Fasto ya ce a kawo wani abu nasa a ɗora a kan tebur.

Ta miƙo hannu. Na ciro jakar, na kwance, na sa mata shi a tafi. Ta juya shi wajen haske ta duba ko ina, a hankali, har cikin.

“Ko ƙwarzane babu,” ta ce. “Aikinka ya yi kyau, Baban Mufida.”